Su Suna Alkalancin Giya, Mu Me Ya Hana Mu Alkalancin Kunu?

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Fatakwal da Inugu, da masu zuwa hutu wajen iyaye a Anacha. Rubutun na yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe kafin ku fara jifa.

Makon jiya wani abokin karatuna ya nuna min bidiyon gasar ɗanɗana giya a Ingila. Da farko cewa na yi a'uzubillahi, ɗauke min wayarka. Amma da na tsaya na kalla sai jikina ya yi sanyi. Wata ƙungiya ce mai suna CAMRA, da aka kafa a 1971 don kare giyarsu ta gargajiya daga manyan kamfanoni. Alkalai na zaune, an zuba musu a kofi babu suna babu tambari, su duba launi, su shinshina, su kurɓa, su rubuta maki. Har da wata baƙar giya da suke kira fota, wadda ta samo sunanta daga 'yan dakon Landan na ƙarni na 18. Abin shan ɗan dako fa, amma yau da littattafai a kansa.

Giya haramun ce, babu mai ja da wannan a cikinmu. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda suka ɗauki nasu da daraja, mu kuwa namu halal ɗin mun bar shi kara zube.

Ku duba inda muke zaune. Akwai katafaren kamfanin Nigerian Breweries kusa da 9th Mile a Inugu, an kuma kafa Intafact a Anacha, da Pabod a Fatakwal. Tun da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanoni suka koma ga dawa. Dawar manoman Arewa. A ɗora ta a tirela ta gangaro Kudu, a sarrafa, a mayar mana da ita a gwangwanin Maltina ko makamancinta, mu saya da tsada muna washe baki. Ita kuwa baiwar Allah da ke dama kunun zaƙi da irin wannan hatsin a unguwar Hausawa, sai mu tsaya muna yi mata ciniki a kan naira hamsin.

Amma a faɗi gaskiya, mu ma da laifinmu ta ɗaya ɓangaren. Sau nawa ka sayi kunun aya ka buɗe ya yi maka tsit kamar lemon kwalba saboda ya kwana? Ni kaina zangon da ya wuce na sha wani zoɓo ana gobe jarrabawa, kwana na yi ina zarya bayan gida. Ban koma na faɗa wa mai shi ba, daina saye kawai na yi. Haka kowa ke yi. Ita ba ta san me ya kori mutane ba, mai yin na kirki kuma babu wanda ya yaba mata. To ta yaya sana'a za ta gyaru?

Shawarata ita ce, a makon al'adu na ƙungiyar ɗaliban Arewa mu sa gasar ɗanɗano. Rukuni huɗu: kunun zaƙi, kunun aya, zoɓo, fura da nono. A gayyato masu sana'ar daga unguwanninmu, a zuba a kofuna masu lamba kawai, don kada a ce an zaɓi 'yar garin wane. Alkalai su duba abu biyar. Launi. Ƙamshi: citta da kanumfari sun fito, ko sukari aka labta don a rufe tsami? Kauri: gero ne ko ruwa aka tsuga? Abin da ya rage a harshe bayan an haɗiye. Sai tsabta: wane ruwa aka yi aiki da shi, kuma gorar sabuwa ce ko tsintowa aka yi? Wannan na ƙarshen ɗalibanmu na kimiyyar abinci da na likitanci su riƙe shi, tun da sun san yadda zafi da laimar Kudu ke saurin lalata kunun aya in babu sanyi.

Na san wani zai ce, malam wannan ai koyi da mashaya ne. Ɗan uwa, kakarka ma tana ɗanɗana miya kafin ta sauke. Tsarin tantancewa ba mallakar kowa ba ne. Wani kuma zai ce za a kunyata talakawa. Wannan damuwa ce ta gaske, shi ya sa nake cewa a sanar da waɗanda suka yi nasara kaɗai. Sauran a ba su sakamakonsu a asirce, cikin ladabi: Inna, kununki da daɗi, sai dai ki sauya gorar.

Akwai wata riba kuma. Abokan karatunmu Inyamurai da 'yan Ribas suna son zoɓo da kunun aya, abin da ke tsayar da wasunsu shi ne shakkar tsabta. Mu sa biyu daga cikinsu a teburin alkalai. Ranar da suka ga takardar shaida a jikin kular wata baiwar Allah, kasuwarta ta buɗe. Garin da ya zaɓi Malam Umaru Altine magajin gari a shekarun 1950 ba zai ƙi kununmu ba in mun gyara shi.

Shugabannin ƙungiya, magana ta zo gare ku. Ni na ɗauki nauyin kofuna da takardun maki. Wa zai kawo ƙanƙara? Kuma ku faɗa min a ƙasa, tsakanin Fatakwal, Anacha da Inugu, ina ne aka fi iya fura? Banda son kai, don Allah.