Inshorar Dubu Uku Ita Ce Mafi Tsada a Kano



Tun daga ranar 1 ga Fabrairu, 2025, da Sufeto Janar na 'yan sanda na wancan lokacin, Kayode Egbetokun, ya ba da umarnin a fara tsare motoci ana neman takardar inshora, tambaya ɗaya ce ke yawo a majalisu da tashoshi da zaurukan WhatsApp: ina ake samun ta da arha? Kuma kullum sai an sami wani gwani da zai ce ya san wani yaro da ke haɗa ta a dubu uku cikin minti goma, har da hatimi mai kyau. Wannan gwanin nake so mu yi magana a kansa yau, shi da duk masu ɗaure masa gindi. Abin da yake tallatawa cuta ce, kuma talakan da muke cewa muna siyasa dominsa shi ake cuta.

Bari mu fara da abin da doka ta ce, don kada a ce siyasa ce kawai nake yi. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ita ke yanke farashin inshorar ɓangare na uku, wato wadda doka ta wajabta wa duk abin hawan da ke bin titi. Daga 1 ga Janairu, 2023, ta ɗaga kuɗin motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara. A Daidaita Sahu 5,000, babur 3,000, motar da ke ɗaukar kayan mai ita 20,000, babbar motar dakon kaya 100,000. Farashin ɗaya ne a Kano da Legas da Fatakwal, kuma an hana kamfanoni yin ƙasa da shi. To ka ga lissafi ya fito fili. In kamfani mai lasisi ba shi da ikon sayar maka da ita ƙasa da 15,000, wanda ya ba ka a dubu uku a gindin bishiya daga ina ya samo ta? Daga kwamfuta da firinta. Takarda ce da tawada, ba wani kamfani a bayanta.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce: ai ninka kuɗin aka yi har sau uku, sannan wata biyar bayan haka, ranar 29 ga Mayu, 2023, aka cire tallafin mai, abinci ya tashi, kuɗin makaranta ya tashi, kai kuma kana nan kana kare dubu sha biyar. Ban kare ta ba. Dubu sha biyar kuɗi ne ga wanda mafi ƙarancin albashinsa na ƙasa naira 70,000 ne, ballantana wanda ba ya da albashin ma. Zafin gaskiya ne, kuma duk shugaban da ya raina shi bai san inda talaka yake kwana ba. Amma mu faɗi ɗaya rabin maganar da masu ihu ba sa faɗa. Lokacin da ake biyan 5,000, iyakar abin da kamfani zai biya in ka lalata dukiyar wani naira miliyan 1 ce. Yanzu da ake biyan 15,000, iyakar ta koma miliyan 3. Raba 15,000 ɗin kan kwana 365, za ka ga naira 41 ce a rana. Na mai A Daidaita Sahu kuwa bai kai naira 14 a rana ba. Ko ruwan leda bai kai ba.

Yanzu ka ɗauka kana kan titin Zariya da yamma, cunkoso, birki ya ƙwace, ka daki bayan wata motar zamani. Bamba ta tafi, fitilu biyu sun tafi, but ya lotse. Duk wanda ya leƙa Ƙofar Ruwa kwanan nan ya san yadda kayan gyara suka koma tun da naira ta faɗi. Mai inshora ta gaskiya zai kira kamfaninsa, a duba, a biya mai motar. Mai takardar dubu uku fa? Zai kira yaron da ya haɗa masa, ya ji waya a kashe. Daga nan sai ofishin 'yan sanda, sai a taro dattawan unguwa su je ba da haƙuri, sai a fara zancen sayar da fili ko sarƙar uwar gida. In kuwa an ji wa mutum rauni ko an rasa rai, Allah Ya kiyaye, ga kuɗin asibiti, ga maganar diyya, duk a wuyan mutum ɗaya. Ya yi rowar dubu sha biyu, ya sayo bashin miliyoyi. Shi ya sa Bahaushe ya ce arha ba ta ado.

Kuma ba shi kaɗai ya yi asara ba. Wanda aka buge, wataƙila ɗan makaranta ne ko mai tura baro, shi ma an cuce shi, don an raba shi da wurin da zai nemi hakkinsa. Wannan inshora tun asali domin wancan mutumin aka yi ta. Wajabta ta ma ba sabon abu ba ne, tun 1945 aka fara kafa dokarta, zamanin Turawa. Mu ne muka mai da ita takardar nuna wa ɗan sanda a shingen hanya.

A nan ne nake da rigima da masu riƙe da madafun iko. Ana tsare direba a titi, a duba takardarsa, a ce ta bogi ce, a kama shi. To madalla. Wanda ya buga takardar fa? Direban nan bai je wata duniya ya samo ta ba. Da yawa a hannun dillalan da ke zagaye wuraren sabunta takardun mota suke karɓa, a haɗa musu komai a dunƙule, su biya, su tafi, ba su ma san wace ce inshorar a ciki ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba adalci ba ne a riƙa farautar wanda aka damfara, a bar ɗan damfarar yana shan inuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nan ba direba ne ya tsaga shi ba.

Ina kuma da rigima da wasu 'yan siyasa, ciki har da na gidanmu, masu hawa mumbari su ce in sun ci zaɓe za su rage kuɗin inshora a jiha. Malam, daina yaudarar mutane. Harkar inshora a tsarin mulkin Najeriya hurumin gwamnatin tarayya ce kaɗai. Gwamna ba ya yanke farashinta, ɗan majalisar jiha ba ya yi, shugaban ƙaramar hukuma balle. Abin da ke hannun jiha shi ne rajistar motoci da sabunta takardunsu, da hukumomin titi irin su KAROTA da jami'an duba lafiyar motoci. Nan ne aikin yake, kuma nan ne za mu riƙe su.

Kamfanonin inshora su ma kada su ɗauka na manta da su. Me ya sa Bakano ya fi yarda da yaron gindin bishiya a kan kamfani mai bene? Saboda an daɗe ana jin labarin wahalar karɓar hakki: kawo wannan takarda, dawo gobe, manaja ya yi tafiya. In mutum ya yi imani cewa ta gaskiyar ma ba za ta biya ba, to dole ya nemi mai arha. Duk kamfanin da yake so a daina sayen bogi, ya riƙa biya a kan lokaci, ya buɗe ofis inda mutane suke, ya sa ma'aikacin da zai yi bayani da Hausa. Kuma ku sani, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi. Kamfanin da ya yi maka taurin kai, rubuta ka kai ƙararsa, kada ka tsaya zagi a Facebook kawai.

To ta ina mutum zai sami sauƙi na gaskiya? Ga abin da na sani.

Na farko, ka sayi inshorarka kai tsaye daga kamfani mai lasisi ko wakilinsa da aka sani. Yawancinsu yanzu ta waya ma ana saye, takardar ta zo maka nan take. Ka biya ta asusun kamfani, ba asusun wani mutum ba, ka riƙe rasit. Duk abin da ya haura 15,000 a motar gida, tambayi na mene ne. Sau da yawa ladan dillali ne kake biya ba ka sani ba.

Na biyu, kada ka bar wurin sai ka tantance. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai da ake kira NIID. Shiga askniid.org ka sa lambar motarka, ko ka danna *565*11# a wayarka. In sunan kamfani da ranar ƙarewa sun fito, kana da inshora. In babu, bi kuɗinka tun da zafi. Rumbun nan ne jami'ai ke dubawa, ba kyan hatimi ba.

Na uku, ka san abin da ka saya. Ta ɓangare na uku ba ta gyara motarka, ba ta biya in an sace ta ko ta ƙone. Ta wanda ka yi wa ɓarna ce. Mai son a rufa wa tasa motar asiri sai ya yi cikakkiyar inshora, wadda NAICOM ta ce kuɗinta ba zai gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar ba. Motar miliyan 6 kenan aƙalla 300,000 a shekara. A nan ne ake zagaya kamfani uku ko huɗu a kwatanta, a tambayi nawa ne kason da kai za ka ɗauka daga aljihunka kafin su biya sauran. In motarka tsohuwa ce kuma aljihu ba nauyi, tsaya kan ta dubu sha biyar, ba abin kunya ba ne.

Na huɗu, ga masu cewa zuciyarsu ba ta kwanta da inshora ba saboda addini. Damuwa ce da malamai suka yi magana a kanta, ban raina ta ba. Amma akwai takaful. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. Ba talla nake musu ba, misali ne. Tsarinsa taimakekeniya ne: kowa ya zuba gudummawa a asusu ɗaya, kamfani ya ɗauki ladan kula da shi, a biya wanda tsautsayi ya faɗa wa, ba a juya kuɗin a harkar ruwa, akwai kwamitin malamai da ke sa ido, kuma in an sami rara ana iya raba wa waɗanda ba su karɓi komai ba. Ka ga wannan ma wata hanyar sauƙi ce. Abin mamaki shi ne mutum ya ce yana gudun shubuha, sannan ya je ya sayi takardar ƙarya ya nuna wa hukuma. Wane malami ne ya halatta wannan?

Na biyar, in tsautsayi ya faru, ɗauki hotuna a wurin, karɓi lambar wayar shaidu, sami rahoton 'yan sanda, ka sanar da kamfaninka da wuri. Kada ka yi saurin sa hannu kan alkawarin biya kafin su sani, don hakan kan ba su hujjar zamewa.

Yanzu ga abin da muke nema, kuma ina so kowane shugaban matasa na mazaɓa ya kai wa ɗan majalisarsa, na jam'iyyarmu ne ko na wata. A sa teburin kamfanoni masu lasisi, har da na takaful, a cikin kowane ofishin sabunta takardun mota, da farashi a manne a bango da Hausa. Kada a saki takardun mota sai an ga inshorarta a NIID. A kama masu buga ta bogi a kai su kotu, a faɗa wa jama'a sakamakon. Direban da aka samu da ta bogi karo na farko, a nuna masa inda zai sayi ta gaskiya a wurin, maimakon a mai da shi saniyar tatsa. Sannan ƙungiyoyin direbobi da na 'yan A Daidaita Sahu, da ke karɓar kuɗin tikiti kullum, su zauna da kamfanoni a tsara yadda mambobinsu za su tara kuɗin kaɗan-kaɗan kafin ranar sabuntawa. Wanda ya iya tara kuɗin tikiti kullum ba zai gaza tara naira 14 ba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar biliyoyi ko sai an jira Abuja. Niyya kawai suke buƙata. In namu ne a kan kujera, mu faɗa musu, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In na wasu ne, mu matsa musu har sai sun yi.

Mu kuma matasa, mu fara da kanmu. Motocin da muke cikawa ranar gangami, da baburan da ke rakiya, nawa ne ke da inshora ta gaskiya? Ba ma iya neman a gyara jiha alhali a aljihun motarmu takardar bogi ce. Yau ɗin nan, kafin ka tura wannan rubutu gaba, fita ka duba lambar motarka, ka duba ta mahaifinka da ta maƙwabcinka. Wanda ya ga tasa ba ta fito ba, ya faɗa mana a wace unguwa aka sayar masa, mu tattara mu kai wa hukuma a rubuce.

Allah Ya tsare mu da tsautsayin hanya, Ya ba mu shugabanni masu jin kukan talaka. Amin.