Wudil na bunƙasa, amma wa zai tsare mata bakin kogi?

Duk wanda ya bi titin Maiduguri daga Tarauni, ya wuce Mariri, bayan tafiyar kusan kilomita 40 zai hau gadar Wudil. A ƙarƙashinta ruwan kogin Kano da na Chalawa ke wucewa bayan sun haɗe, su nufi Haɗeja.

Wannan mashigar ce ta raya garin. Mai zuwa Dutse ko Bauchi ko Maiduguri daga Kano sai ya ratsa ta, shi ya sa kasuwar Juma'a, musamman kara, ta yi suna har kudancin ƙasar nan. Daga baya aka samu makarantar horar da manyan 'yan sanda, sai kuma jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara karatu a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote. Ɗalibai sun zo, haya ta yi tsada, gonaki suka koma fulotai.

A nan gizo ke saƙar. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Chalawa a 1992, kogin ya rage cika kamar da, har mutane suka fara ɗaukar fadama a matsayin filin gini. Amma ruwa ba ya manta hanyarsa. Damina mai ƙarfi ɗaya ta isa ta tuna masa. Ga kuma tifofi suna kwasar yashi zuwa gine-ginen Kano, abin da ke zurfafa kogi, gaɓa ta riƙa zaftarewa.

Mazauna Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni sun san ƙarshen wannan labari. Birni ya cim ma unguwanninsu da sauri, gini ya riga magudanar ruwa zuwa, yau duk damina sai an yi ta fama a lungu.

Wudil tana da sauran dama. Ya kamata gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma da masu unguwanni su shata iyakar da ba za a yi gini ba a bakin kogi, a bar wa masu lambu da masunta. A ware wuraren ɗibar yashi, nesa da gada da gidaje. A fitar da tituna da kwatoci kafin a yanka fuloti.

Yin hakan yau kuɗin awo kawai zai ci. In aka bari sai gobe, sai an haɗa da rusau da diyya da raba kayan agaji.