Dodannin AI Sun Cika TikTok, Amma Ba Su Kamo Tsutsar 1990 Ba

Yanzu yin dodo ba ya buƙatar komai sai waya da data. Mutum zai rubuta layi biyu a manhaja irin Veo ko Kling, ta fito masa da ƙaton kada yana haɗiye mota. Hoton ya yi kyau, amma da an zarce zuwa bidiyo na gaba an manta da shi. Duk matashin da ke son nasa ya zauna a ran mutane, ya kamata ya nemi Tremors ya kalla kafin ya ƙara ƙona data.

Fim ne na Amurka da Ron Underwood ya ba da umarni, ya fito a 1990, Kevin Bacon da Fred Ward suka ja shi. Tsoro ne haɗe da barkwanci, kuma gaisuwa ce ga fina-finan dodanni na shekarun 1950, irin su Them! na 1954 mai manyan tururuwa. Labarin yana faruwa a Perfection, wani ƙauyen da aka ƙirƙira a hamadar Nevada mai mutum 14, inda wasu manyan tsutsotsi ke yawo a ƙarƙashin ƙasa suna jan mutane.

Ƙarfin fim ɗin yana cikin dokar da aka gindaya wa dodon. Ba shi da ido, da girgizar ƙasa yake farauta, kuma ba ya iya ratsa dutse. Shi ke nan. Da mai kallo ya gane haka, kowane motsi ya zama abin fargaba: firji mai ƙara a kanti, yarinya mai wasan tsalle-tsalle a titi, takun mutum ɗaya. Dariyar ma daga nan take fitowa, domin ga manyan maza sun maƙale a kan dutse da rufin ɗaki suna gardama ƙasa-ƙasa. Sannan dodon yana koyon darasi. Har rami ya haƙa wa motar katafila, aka jefa masa bam ya tofo musu abinsu.

Dodon AI kuwa ba shi da doka. A daƙiƙa ta uku yana tafiya, a ta shida ya tsiro da fukafukai. Abin da zai iya yin komai ba ya tsorata kowa, don mai kallo ba shi da lissafin da zai yi.

Da roba da ƙananan samfura aka haɗa tsutsotsin Tremors, aikin Alec Gillis da Tom Woodruff Jr. Saboda tsadar fito da su, sai aka riƙa nuna ƙura na tashi, katakon daɓe na ɗagawa, ƙasa na kumbura. Wannan dabara ko da ƙaramar Tecno da CapCut za a iya gwada ta.

Wani abin kuma, yawancin fim ɗin da rana tsaka aka ɗauke shi. Fina-finan tsoro na yanzu duhu ke cinye su a allon waya, sai mutum ya ƙure hasken allo batir ya tafi. Wannan kuwa tar yake fitowa. Dama can bai yi wata kasuwar kirki a sinima ba, a kaset ɗin bidiyo ya yi suna, wato a ƙaramin allon gida, har aka ci gaba da yi masa sabbin kashi zuwa na bakwai a 2020.