A saurari masu galahanga kafin a rubuta musu magani

A watan Nuwamban 2016 wani matashi ɗan shekara 18, Oliver McGowan, ya rasu a wani asibiti a birnin Biristol na Ingila. Yana da galahanga, wato otizim, da kuma farfaɗiya. Shi da iyayensa sun roƙi kada a ba shi magungunan taɓin hankali, domin sun taɓa yi masa illa. Aka ba shi, ƙwaƙwalwarsa ta kumbura, rai ya yi halinsa. Wani bincike na 2020 ya nuna da an saurare su, mai yiwuwa da an kauce wa hakan.

Ba Oliver kaɗai ba ne. Wani nazari da aka yi a Suwidin, aka wallafa a 2016, ya gano masu galahanga kan rasu suna da kimanin shekara 54, sauran jama'a kuwa 70. Farfaɗiya da kashe kai na cikin manyan dalilan, kuma duka biyun ana iya rage su idan kulawa ta zo da wuri.

To, me ke hana ta zuwa? Hayaniyar layin ganin likita da hasken fitilu kan rikita mai galahanga tun kafin a kira sunansa. Wani ciwo na cin sa amma fuskarsa ba ta nuna ba. Wani ba ya magana da baki, sai da rubutu ko hoto. Likita mai sauri sai ya ɗora komai a kan larurar, ya sallame shi da ciwon haƙori ko na ciki.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya sa tun 1992 wani mai galahanga, Jim Sinclair, da abokansa suka kafa ƙungiyar da masu galahanga ke jagoranta da kansu, wata kuma ta biyo baya a Amurka a 2006. Buƙatarsu ɗaya ce: kada a yanke hukunci a kansu ba tare da su ba. A Ingila, fafutukar mahaifiyar Oliver ta kai ga dokar 2022 da ta wajabta horar da ma'aikatan lafiya kan galahanga, kuma masu larurar na cikin masu koyarwa.

A nan gida, sau da yawa akan ce aljanu ne, a ɓoye yaro a ɗaki. Alhali dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman.

Muna kira ga ma'aikatun lafiya da makarantun likitanci da na jinya su shigar da wannan horo cikin manhaja, su kuma gayyaci masu galahanga su koyar. Asibitoci su ware wurin jira marar hayaniya, su ƙara wa irin waɗannan majinyata lokacin ganawa, su bar ɗan rakiya ya shiga. Iyaye kuma su koya wa 'ya'yansu bayyana abin da ke damunsu ta kowace hanya da suka iya. Likitan da ya ji an ce "wannan magani yana cutar da ni" wajibi ne ya dakata, ya rubuta, ya sake dubawa.