Wa Zai Gaya wa Mai Barkwanci Gaskiya?

A Anka, Gummi da Bukkuyum, matashin da ya tsara ɗan gajeren wasan barkwanci yakan nuna wa abokansa kafin ya ɗora a TikTok. Amsar da ya fi samu ita ce, "Allah ya ƙara basira." Addu'ar tana da kyau, sai dai ba ta nuna masa inda dariya ta mutu ba.

Masu tashe sun fi shi sa'a. Da azumi suna bin gida-gida, kuma wasan da bai motsa kowa a ƙofa uku ba, akan sake masa salo kafin ta huɗu. Irin wannan gyaran ya kamata aboki ya bayar: nan na dara, nan ka ja zance, nan na hango ƙarshen tun da wuri. Kada kuma ya mayar masa da Zamfarci Kananci da sunan gyara, domin rabin armashin yana cikin karin harshen.

Tambaya mafi nauyi ita ce wa ake yi wa dariyar. A yankin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, 'yan bindiga kuma suka tashi ƙauyuka, wasan da ya mai da ɗan gudun hijira abin ba'a cin zarafi ne. A karkatar da zolayar zuwa ga wanda ya cinye tallafinsa.

Marubucin kuwa ya saurara, ya bar kare kansa. Barkwancin da sai an yi wa mutane bayaninsa, sabon rubutu yake buƙata.