A Bar Wa Alƙali Ikonsa

Abin mamaki ne a ɗora mutum bisa kujerar shari'a, sa'an nan a ɗaure masa hannu. Haka aka yi wa alƙalan Ingila game da 'yan haya. Dokar gidaje ta 1988 ta ce idan bashin haya ya kai adadin da aka yanka, tilas alƙali ya mayar wa mai gida gidansa, ko da ciwo ne ya kwantar da ɗan hayar. Ta 1980 kuwa ta ƙayyade jinkirin da zai bayar: kwana 14, in wahala ta tsananta mako 6.

Masu gidaje suna cewa haƙƙinsu ne. Gaskiyarsu, ba wanda ya ce a ci musu dukiya. Amma ba a taru an zama ɗaya ba. Akwai mazambacin da ya ƙi biya da gangan, akwai magidancin da aka sallama daga aiki, yana da niyya ba shi da hali. Wa zai rarrabe su in ba alƙalin da suka gurfana gabansa ba?

A Faransa alƙali yana da ikon rarraba wa ɗan haya bashin har shekara 3, kuma ba a fitar da shi da hunturu, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. Wanda aka jinkirta wa yakan biya, amma wanda aka zubar wa kaya a titi, ina za a gan shi balle a karɓi kuɗin? In dai ƙidaya ce kaɗai shari'ar, to akawu ma ya isa ya yanke ta.