Hukuncin Jinkiri a Aikin Kwale-kwale

Wannan mako za mu amsa tambayar da wani ɗan kasuwa ya aiko mana daga Safana. Ya ce ya ba kafinta kafin alƙalami domin ya haɗa masa kwale-kwalen filawud a gida, wanda ƙanensa zai riƙa su da shi a madatsar ruwa ta Zobe. An yi alkawarin wata ɗaya, ga shi an shiga na huɗu. Shin ya halatta ya karɓi kuɗinsa, ko ya zabge wani abu daga ladan aikin?

To, da farko sai a san irin cinikin da aka ƙulla. Idan katako da ƙusa da gam na mai jirgi ne, wannan ijara ce, watau ƙwadago. Idan kuwa kafinta ne zai kawo kaya, shi ne malamai ke kira istisna'i, kuma Malikiyya sun riskar da shi ga salam. A cikin Risala, Ibn Abi Zaid ya nuna cewa salam ba ya inganta sai da siffa sananniya da ajali sananne, ya kuma fi son kada ajalin ya gaza kwana 15. Saboda haka "nan ba da daɗewa ba" ba ajali ba ne. A faɗi tsawo da faɗi, a faɗi rana, a kuma ambaci irin filawud, domin na kujera da kabad yana ɓarewa da zarar ya sha ruwa, sai dai na jirgi wanda aka manne da gam mai jure ruwa.

Sa'an nan jinkiri iri biyu ne. Akwai wanda aikin kansa ya wajabta. Fallen filawud ƙafa 8 ne da ƙafa 4, dole a haɗa biyu ko uku kafin a sami tsawon jirgi, kowace mahaɗa kuma sai ta bushe, haka fenti shafi bayan shafi, da damina kuwa bushewa na nawa. Wanda ya matsa wa kafinta a nan, ran ƙanensa ya sa a hatsari. Akwai kuma jinkirin wanda ya karɓi kuɗin wani ya yi wa wani aiki da su, kullum "gobe in sha Allahu". Wannan saɓa alkawari ne, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa cikin alamomin munafuki.

Amsa ita ce, idan jinkirin na biyu ne, mai tambaya yana da zaɓi: ya jira, ko a warware ciniki ya karɓi abin da ya bayar ba da ƙari ba. Zabge lada kuwa sai in an sharɗanta tun farko. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta halatta sharaɗin tara a istisna'i, muddin ba wani uzuri da ya fi ƙarfin mai aiki ya gitta ba.

Muna jan hankalin ma'aikatan gwamnati cewa hukuncin nan ya hau kansu. Ita kanta Zobe an gama ta a 1983, amma sai a 2021 aka ƙaddamar da kashin farko na aikin kai ruwanta Katsina. Takardar da ta kwana a tebur ba dalili, haƙƙin wani ce ta kwana.

'Yan'uwa, ku rubuta sharaɗi da ajali, ku kafa shaidu biyu, ko da aikin na ƙofar ɗaki ne. Allah Ya sa mu cika alkawari. Allah ne Mafi sani.